Robar Bakin Masu Nutso

Zuwa ga Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya su Rauda da makaranta? Allah ya sa kuna lafiya.

Na san maigidanki Yaya Mahdi ya riga ni kawo ƙara. Rubutowa na yi, don a waya bakina ba shi da linzami. E, na yi abin da ya ce. Mu masu nutso a dam ɗin nan, da muke share bututun injin ban-ruwa, tulun iska ɗaya gare mu, robar baki ɗaya. Wannan ya fito ya cire, wancan ya cusa a bakinsa. Shi kuwa Yaya Mahdi tun damina yake tari, ran Talata har jini na gani a jikin robar. Sai na jiƙa ta a ruwan bilic mai kashe ƙwayar cuta a gaban kowa, yadda na karanta.

Shugabanmu Baba Dabo ya hau ni da faɗa, wai ai an ɗauraye ta a dam, ruwa mai yawa ba ya ɗaukar najasa. Na ce wannan hukuncin alwala ne, ƙwayar cuta ba ta yi makarantar allo ba. Yaya Mahdi ya ɗauki takalmansa ya tafi. Da ma zagina ya yi.

Wallahi ba ƙyamarsa nake ba. Mutumin da ya koya mini nutso? Ki lallaɓa shi ya je asibiti a Daura a gwada kakinsa. In fushi ne, ya yi da ni yana raye.

Ƙaninki,
Zakiyyu

Zuwa ga Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Saƙonki ya iso. Tarin tibi dai yana da magani, mun gode Allah da aka gano. Mu ma na kora kowa gwaji kamar awaki. Yanzu duk sun zama likitoci, Baba Dabo jiƙa robar yake har tana neman narkewa.

Amma jiya raina ya ɓaci. Yaya Mahdi ya zo gaishe mu, waɗanda suka ce ni ne mai ƙyama babu wanda ya miƙa masa hannu. Buhu suka shimfiɗa masa can gefe. Na faɗa musu abin da ba ya rubutuwa.

Kin ce likita ya hana shi nutso, har yana zancen barin garin. Kada ki bari. Wanda ke ƙarƙashin ruwa, ransa yana hannun mai riƙe masa igiya a sama. Na shaida wa Baba Dabo ba zan ƙara shiga ba sai Yaya Mahdi ne riƙe da tawa. Bututun ya sake toshewa, albasar mutane ta fara kwantawa, su suka sani.

Ni ba zan iya haɗa ido da shi in faɗa ba. Ke ki faɗa masa, ran da ya ji ƙarfi ya zo, ko a zaune ne ya riƙe.

Ki gaishe shi da kyau.

Ƙaninki,
Zakiyyu