Ƙuri'a Tara

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da yara, da ƙafar nan taki.

Majalisa za ta buga ɗan littafin tarihin mambobinta. Shi ne ƙanenki, maigidan nawa, ya zube min jakar takardunsa a kan gado, wai tunda ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya, in rubuto masa shafi guda kan karatunsa da zaɓukansa. Na fara da "Wata safiya ana yayyafi," ya ce in goge.

Yaya, kaina ya ɗaure. Ya yi takarar kansila yana ɗan shekara ashirin da shida, amma sai da ya kai ashirin da tara ya gama sakandare. A hoton ajinsu har da gemunsa, yara sun kewaye shi kamar malaminsu. Zaɓen kuwa da ƙuri'a tara ya faɗi, kuma a akwatin ƙofar gidanku ya fi shan kaye. Ya ce tela, abokinsa na yarinta, shi ya sayar da shi. Shekara goma sha biyu ke nan ba sa ga maciji. A littattafan soyayya, in aboki ya ci amana, mace ce sila. Wace ce? Ki faɗa min, zan daure.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki

*

Amaryarmu,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi. Littattafan nan sai sun ƙarasa ki.

Mace ce kam, amma Inna ce, Allah ya jiƙanta. Mijinki ya bar makaranta a aji huɗu ya bi 'yan siyasa. Ana gobe zaɓe ta tara mu a ɗakinta ta ce, "In yaron nan ya ci, shi da boko sai a lahira. Wanda ya dangwala masa ban yafe ba." Mu goma sha ɗaya ne.

Tela kuwa kyauta ya ɗinka masa tutoci, kuma mijinki ya dangwala wa. Da aka ɗora masa laifin, Inna ta roƙe shi ya yi shiru har ta yi bayani da kanta. Yaro ya koma aji, ita ta rasu ba ta yi ba. Mu kuma kunya ta rufe mana baki.

Ki rubuta shekaru kawai. Ki ƙona takardar nan.

Yayarki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ban ƙona ba, ki yafe min.

Na karanta sau biyar, har yanzu ban gano wane ne mugu a labarin ba. Ba don Inna ba, da ba shi da takardar da ya shiga majalisa da ita. To in gode mata ne, ko in ji haushinta?

Shekarun kawai na rubuta. Ya karanta, ya ƙara da bironsa: "Ya faɗi ne saboda cin amanar wani amini." Kowa zai san da wa ake. Alhamis za a kai maɗaba'a.

Jiya na bi ta shagon tela. Yana ta fama da zare da allura, ido ya yi rauni. Ya ce, "Matar abokina, yana cin abinci kuwa?"

In na faɗa, na taɓa masa uwa, ga hotonta nan saman teburinsa. In na yi shiru, an buga. Ya zan yi?

Ƙanwarki

*

Amaryarmu,

Wa alaikumus salam. Wannan kayan ba naki ba ne. Ki ɓoye shafin, ki ce masa kada ya fita ranar Laraba.

Cikin sha ɗayan nan mu shida muka rage, huɗu sun yarda su biyo ni mu faɗa masa da bakinmu. Tela ya ce ba zai zo ba. Wai Inna ya yi wa alkawari, kuma ba ta sallame shi ba.

Sai na iso.
Yayarki