Ni Na Tsaya Bakin Kabarin Baba Dauda

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya jikin naki, ya Baban Yusufu da yara, ya Maradi? Mu nan Gaya lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Baba Dauda, dattijon majami'armu, ya rasu ran Talata. Fasto yana Malanville, tsallaken kogi a Benin, wajen jinyar matarsa, ga gada a rufe, ko kwale-kwale bai samu ba. Da wannan zafi ba yadda za a ajiye gawa. Dattawa suka yi ta kallon juna, sai matar marigayin ta ce, "Saratu ta yi makarantar Littafi Mai Tsarki, ita za ta yi addu'ar."

Yaya, kin san garin nan, mace ko makabarta ba ta zuwa. Ga direbobi abokan ɗan marigayin, Musulmi, sun yi cirko-cirko. Na tsaya bakin kabari na karanta Zabura, na yi addu'a.

Yanzu magana ta kai tasha, maigidana ya dawo daga can fuska a murtuke. Dattawa sun ce in bayyana gabansu ran Lahadi mai zuwa, ɗayansu, Baba Iliya, na cewa ba hurumin mace ba ne. Shi da yake tsaye a wurin, me ya hana shi buɗe baki?

Ki sa ni cikin addu'a kada zuciya ta kwashe ni a gabansu. Ki gaida Inna Tabita. Matar marigayin kuma ta aiko jiya, wai in nata lokacin ya zo, ni take so in tsaya bakin kabarinta.

Ƙanwarki,
Saratu