Madam Ta Ƙi Sakin Labule

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ni direba ne a Riyadh, unguwar ofisoshin jakadanci, ina tuƙa wani Bature da matarsa. Yahudawa ne, amma ban taɓa faɗa wa kowa ba, abokan ɗakina a unguwar Al-Shifa ma sun ɗauka Kiristoci ne. Mutanen nan ba su taɓa hana ni salla ba, da azumi Madam da kanta take ajiye min dabino a mota.

Suna da wani biki na kwana takwas, da magariba su kunna kyandir, kullum ana ƙara ɗaya. Bara a bayan labule suka yi. Bana ranar farko wani ya buɗe wa masu bikin wuta a garinsu can ƙasarsu, ƙanin Madam yana cikin waɗanda suka mutu. Na san yaron, na taɓa ɗauko shi daga filin jirgi, duk hanya yana tsokanata wai tuƙin tsofaffi nake. Oga ya tafi jana'iza, ita cikinta ya tsufa, likita ya hana ta hawa jirgi.

Mutanensu na can sun ce ba za a fasa bikin ba, kowa ya sa kyandir ɗinsa a taga inda za a gani. Sai Madam ta yaye labule. Na roƙe ta, na ce nan ba can ba ne, ta rufa wa kanta asiri. Ta ce min, "Ƙanina bai ɓuya ba, ni ce zan ɓuya?"

To akwai abokin ɗakina, ɗan garinmu, gadi yake a layin gidan Oga. Ranar da bidiyon harin ya fito har dariya ya yi, ni kuwa abinci na kasa ci. Jiya ya nuna min hoton tagar Madam a wayarsa, wai wace irin wuta ce wannan. Na ce ado ne, bai yarda ba. Ban ce zai yi wani abu ba, amma bakinsa ba ya riƙe magana, kuma ban san inda hoton zai kai ba. Tsoro nake ji, mace ce mai ciki ita kaɗai a gida.

In faɗa masa gaskiya in roƙe shi ya goge, ko in kira Oga yana cikin makoki? Ya zan yi? Magariba ta kusa, kuma tagar yau za ta fi ta jiya haske.