Muryata Ta Sauka a Gaɓar Ƙarshe

Zuwa ga Maigida, a gonakin koko na Fanando Fo,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ba ni da adireshinka, shi ya sa na ba jarida wannan takarda, ko wani ɗan Malumfashi da ke can zai kai maka.

An cire auduga, an kai Funtua. Ni na yi noman, bayana har ya ƙi miƙewa. Inna, mahaifiyarka, ta daina tare direbobi tana tambayar labarinka. Babana kuwa ya daɗe yana cewa in bi shi gaban alƙali a raba auren, ina ƙi.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe? Muna ɓarar gyaɗa kana koya mini Sifaniyanci, yaren masu gonar. Ka ce kalma ma ɓararta ake yi gaɓa-gaɓa: tra-ba-jo, kuma "jo" ɗin "ho" ake faɗa. Na ce "ta-ra-ba", ka tuntsire da dariya, ka ce "tra" gaɓa ɗaya ce, ba a tsinka ta.

Sai kuma wurin danna murya. Tra-BA-jo, ina aiki. Tra-ba-JO, wani ya yi aiki ya gama. Baƙaƙen ba su canja ba, inda murya ta sauka ne kawai.

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce ta jira. Es-PE-ro, ina jira. Es-pe-RO, ta jira, an wuce wurin. Kullum harshena sai ya zame ƙarshe, kai kuma ka ce, "Haba Hajara, ko zaure ban fita ba har kin gama jiran?" Na ji haushi, na gyara. Shekarun nan duk tsakiya nake dannawa, a gona, a bakin rijiya, har mata suka fara kallona.

Na gaji, Maigida. Ba fushi nake yi ba, gajiya ce kawai. Jiya ina daka sai na ji bakina ya faɗi kalmar jiran nan da kansa, murya ta sauka a ƙarshe, kuma ban gyara ba. Da yamma na ce wa Baba na yarda. Litinin za mu je.

In kana raye, Allah ya maido ka Inna ta gan ka da idonta. In ƙasa ta rufe ka, Allah ya jiƙanka, ya yafe mu baki ɗaya.

Ni ce matarka har zuwa Litinin,
Hajara