Albasata Ta Ga Kwarin, Ke Ba Ki Gani Ba

Jiga Birni, Aliero
Ranar Litinin

Zuwa ga Zinatu, sanyin zuciyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randar da ba ya gundurar mai ƙishi, matar rufin asirina. Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ki, da Inna, da duk wanda ke cikin gidan nan na Maiyama da ya ɓoye mini ke yau wata huɗu.

Na yi rubutun da manyan baƙaƙe, ko idonki na hagu zai kama wani abu. Idan bai kama ba, na san Yaya Humaira ce za ta karanta miki. Yaya, ki gafarce ni, ina jin nauyinki ƙwarai, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Inda kika ga magana ta yi nauyi, ki yi gyaran murya ki karanta, don Allah kada ki tsallake.

Zinatu, roƙo na zo yi, kuma guda ɗaya ne. Ki yarda in kai ki kwarin nan tun da sauran haske a idonki.

Kin tuna ranar da na fara ba ki labarinsa? Shekara tara ke nan, muna sababbin aure. Na raka motar albasa zuwa Gembu, can kan tsaunin Mambila, motar ta lalace mana a kan hawa, muka yi kwana biyu muna jiran makanike. A nan na leƙa ƙasa na ga abin da ban taɓa zaton akwai shi a duniya ba. Da na dawo na same ki a fadama kina tsinkar lawashi za ki daka gabu. Na miƙa miki waya, kika kare hoton da bakin mayafinki saboda rana, kika yi ta kallo har na gaji da tsayuwa. Ke da aka haifa a ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, kika nuna farin abin da ke kwance tsakanin duwatsu kika ce, "Malam, wanga hayaƙi na?" Na ce gajimare ne. Kika ce, "Gajimare ƙasa, mutum bisa? Sai ka kai ni in gani da idona." Ni kuwa mai bakin alkawari na ce, "Wurin ga ba shi gudu. Duk lokacin da anka tahi, kyau nai na nan."

Ban yi miki ƙarya ba, kuma gaskiyar ce ta cuce mu. Sau huɗu na bi hanyar nan, kowane zuwa da lokacinsa, ban taɓa samun kwarin da mummunar fuska ba. Da damina ruwa yakan zubo daga kan duwatsu fari fat, ciyawa ta yi kore har ido ya rasa inda zai tsaya. Da kaka ciyawar takan koma ruwan zuma, shanun Fulani su bazu a gangare, sama ta yi tas har ka hango rugar da tafiyarta ta kai yini. Lokacin sanyi sai ka ga numfashinka yana fita daga bakinka, kofin shayi ya fi maka komai daraja. Da bazara kuwa, lokacin da Aliero ke gasa mu, ba mai iya taka ƙasa ba takalmi, can sai da na nemi bargo. Duk wannan na dawo na zuba miki a kunne, kina murmushi, kina tambaya, ina ƙara gishiri. Ashe ƙishi nake ƙara miki.

Da wurin yana da lokaci guda a shekara, wallahi da tuni mun je. Ni manomin albasa ne, na san tsoron lokaci. Ban taɓa makara da zuba iri ba, ban taɓa barin dashe ya wuce ni ba. Abin da aka ce kullum yana nan, shi ne na raina. Kika tuna mini da damina, na ce ga gero ga kuma iri. Kika tuna mini da kaka, na ce dashe. Da sanyi na ce ban ruwa, albasa ba ta yafe wa wanda ya tsallake mata kwana. Da bazara na ce cira da ɗauka. Bayan nan kuma sai zaman rudu, rumfar ajiyar albasa, inda muke shimfiɗa ta muna juyawa muna tsince ruɓaɓɓu. Sai shekara ta zagayo ta same mu inda ta bar mu. Albasata ta hau tsaunin nan sau huɗu a cikin buhu, ba ido ba hanci, ke kuwa ko Kontagora ban wuce da ke ba. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, ni na bar nawa har ya yi tsami.

Yanzu bari in taɓa inda ke ciwo. Ranar nan a rudu, muna tsintar albasa ni da ke, na bi bayanki na tarar da ruɓaɓɓu har da masu ruwa a layin da kika ce kin gama. Raina ya ɓaci. Na ɗaga guda na nuna miki, na ce, "Ke ba ki da ido ne?" Kika miƙo hannu za ki karɓa, hannun ya wuce ta gefe, ya kama iska. A nan na gane. Ashe kin daɗe kina tsinta da hanci da yatsa, kina ɓoye mini don kada hankalina ya rabu biyu a tsakiyar aiki. Wane irin miji ne zai hango tabo a jikin albasa daga taku biyar, ya kasa ganin matarsa tana laluben bakin ƙofa? Ni ne, Zinatu. Ina jin kunyar kaina, kuma tun ranar ban ƙara jin daɗin abinci ba.

Likitan ido bai ɓoye mana komai ba. Ya ce hawan jinin ido ne, na dama ya tafi ba zai dawo ba, na hagu kuma maganin ɗigawa zai riƙe shi gwargwadon abin da Allah ya nufa. Daga asibiti kika ce a wuce da ke wajen Inna ki huta. Na zo sau bakwai, kina gaishe ni daga bayan labule kamar baƙo. Da na aiko Yaya da maganar tafiya, ta dawo mini da amsarki: "A ce mai shi tsaya ga dashe nai. Makauniya mi za ta gani bisa dutsi?"

Ke ba makauniya ba ce, ya hasken gidana, tukuna dai. Yaya ta ce har yanzu kina gane launin zane idan an kawo shi kusa, kina gane fuskar Inna da hantsi. Wannan ɗan hasken da ya rage, a bangon ɗaki za ki ƙarar da shi? Idan fushi kike da ni, kin yi daidai, ki taho da fushinki, akwai wurinsa a mota. Ki yi mini shiru tun daga Jega har Gembu, zan ɗauka. Amma kada ki hukunta idonki saboda laifin bakina.

Dashen da kika ce in tsaya a kansa, babu shi. Irin bana ya yi kyau irin wanda ban taɓa samu ba, na kira yayana Sa'idu na ce ya kwashe, na haɗa masa da injin ban ruwa da fadamar gaba ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Waliyyu, lahiya kake? Wa ka barin iri lokacin dashe?" A majalisa kuwa an samu abin taunawa, wai mace ta raba ni da gona. Su faɗa. Bana dai za a yi albasa a Aliero ba da ni ba, kuma ban ji garin ya rushe ba.

Ranar Alhamis da hantsi zan zo Maiyama da babur, mu kama mota a tashar Jega. Tafiyar kwana biyu ce ko uku, za mu yi ta a hankali, inda kika gaji mu sauka. Na tanadi rigar sanyi da bargo, na sayi maganin ɗigawa da zai kai mu ya dawo da mu. Ciyawa ta fara juyawa yanzu, sama kuma ta washe, lokacin da ake hangen nesa ke nan. Zan tsaya a ƙofar gida. Ba zan yi sallama sau biyu ba don kada in takura wa Inna, amma ba zan tafi ba sai an kira azahar, kuma Alhamis ta gaba ma zan dawo.

Abu ɗaya nake tsoro, gara in faɗa tun yanzu. Na san halinki, tausayinki ya fi ƙarfinki. Idan mun isa bakin kwarin na tsayar da ke, ya zama hasken ya riga mu tafiya, na san za ki yi murmushi ki ce ya yi kyau don ki sanyaya mini rai. Kada ki yi mini haka, Zinatu. Ki ce, "Malam, mun makara." Zan ji zafinta, kuma ni na saye ta. Sannan mu zauna a kan ciyawa, hannunki a cikin nawa, sanyin wurin ya same mu tare, in yi kukana ba tare da na ɓoye miki ba.

Naki ne ni da damina da rani, kina gani ko ba kya gani, har ranar da ƙasa za ta rufe nawa idon.

Mijinki,
Waliyyu