Saniya Ɗaya, Layi Biyu

Zuwa ga aminina kuma abokin aikina, Buba ɗan Baffa na Madekali.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Mutanen Malanville suna lafiya. Kogi ya ja baya, an yanke shinkafa, albasa ta fara shigowa kasuwa. Biro ɗinmu, wato ofis, yana nan bayan tasha, kuran na lantarki yana ɗaukewa kamar yadda ka san shi.

Na san wasu za su karanta wannan takarda, amma da kai nake. Akwai labarin aiki da na daɗe ina son ba ka, kuma ba ni da wanda zai ji shi yadda za ka ji shi.

Ka tuna lokacin da ƙungiyar makiyaya ta ba mu aikin haɗa musu baz, wato ma'ajiyar bayanan dabbobinsu a ordinatar (kwamfuta), domin rigakafi? Ni na fara zana tsarin a allo. Tebur uku, wato jadawali: ɗaya na mutane, ɗaya na dabbobi, ɗaya na allurai. A teburin dabbobi na sa gurbi guda na rubuta "mai ita". A ganina magana ta ƙare. Ni ɗan 'yan kasuwa ne, a gidanmu kowane buhu da sunan mai shi a jiki.

Ka daɗe kana kallon allon, kana juya kofin shayi. Sannan ka ce, "Lawali, saniya ba buhun shinkahwa ba ta."

A ranar ka bayyana mini habbanaye yadda ban taɓa ji ba, duk da na tashi ina jin kalmar a kasuwar dabbobi. Mutum ya ba ɗan'uwansa ko maƙwabcinsa karsana, ta zauna a garkensa, ya sha nononta, ta yi masa haihuwa, 'ya'yan su zama nasa, daga baya uwar ta koma wurin mai ita. Ka ce da haka kakanka ya tashi bayan wata shekarar fari. Saboda haka saniya guda tana iya samun mai ita a nan ƙauyen Tumbutu da mai riƙonta a Madekali, kuma riƙon yana da farko yana da ƙarshe.

Ka ce sai mun ƙara tebur a tsakiya, wanda zai haɗa mutum da dabba, ya faɗi matsayinsa a kanta, da ranar da abin ya fara, da ranar da ya ƙare. Na ce wahala ce za mu jawo wa kanmu, kowace tambaya sai ta bi ta tebur uku. Ka ce gara wahalar mai rubuta kod, wato umarnin na'ura, da rigimar makiyaya. Mun yi ta ja har shayin ya huce, muka dafa wani. Daga ƙarshe na bar maka, ba don na gamsu ba, sai don na gaji.

Haka muke aiki, ni da kai. Ban taɓa rubuta abu ka ce ya yi daga kallon farko ba, ni ma ban taɓa ƙyale naka ba. Mai kantin da ke kusa da mu ya daɗe yana zaton ba ma shiri.

Sai zazzaɓin nan ya zo a tsakiyar damina. Aka kai ka asibitin Paraku, aka dawo da kai a mota, muka yi maka salla a Madekali. Na je gaisuwa, na zauna gefen Baffa. Daga nan ban sake bin hanyar ba. Kullum ina ce wa kaina aiki ne ya yi yawa.

Na ci gaba da riƙe baz ɗin ni kaɗai. Duk abin da ka rubuta na bar shi yadda yake. Ko sharhin da kake sakawa cikin kod, rabi Faransanci rabi Fulatanci, ban goge harafi ɗaya ba. Ƙungiya ta ce in nemi mataimaki, na ce ba na bukata.

Da lokacin rigakafin bana ya matso, Malam Isufu, likitan dabbobin da ke aiki da ƙungiya, ya roƙi abu biyu. Yana son adadin shanun kowane ƙauye don ya raba maganin, kuma yana son a tura wa makiyaya saƙo a waya kan ranar da za su kawo dabbobi. Ka san maganin nan ba ya isa yadda ake so, kuma in ya fita daga sanyi ba ya jure rana. In aka kai wa wani ƙauye fiye da bukatarsa, wani ƙauyen ne zai rasa, ragowar kuma ta lalace a hanya.

Na rubuta tambayar, na haɗa teburan, lissafi ya fito. Har na kusa tura masa, sai idona ya kai kan jimla. Da na tara ƙauyukan, sun fi adadin shanun da ke cikin baz gaba ɗaya. Shanun da ba su wanzu ba sun shigo lissafi, kuma mafi yawansu a Madekali da Tumbutu.

Na waiga wajen kujerarka zan yi magana. Wallahi sai da na buɗe baki kafin na tuna ba ka nan.

Na yi kwanaki ina juya abin. Daga baya na gane asalin ɓarakar: kowace saniyar habbanaye tana da layi biyu a teburinka na tsakiya, na mai ita da na mai riƙo, ni kuwa layuka nake ƙirgawa, ba shanu ba. Gane ciwo daban, maganinsa daban. Sai na kai maganar zauren nan namu na waya, inda masu rubuta manhaja daga Kwatano, Yamai da Lome suke taimakon juna. Tun rasuwarka ban yi magana a ciki ba.

Na farko ya ce in sa DISTINCT in huta, kalmar nan da ke hana abu ɗaya fitowa sau biyu. Na gwada. Jimlar gaba ɗaya ta daidaita, amma na ƙauyuka bai gyaru ba, domin saniyar tana fitowa sau ɗaya a ƙauyen mai ita, sau ɗaya a ƙauyen mai riƙo. Na gaya masa an rufe miki ne da ƙyalle, ba a wanke shi ba.

Na biyu, wani ƙwararre daga Kwatano, ya ce tsarin ne ya yi nauyi tun farko. Ya ce wanda ya ƙirƙiro teburin tsakiyar nan ya cika son wahala, a rushe shi a sa gurbi guda na mai dabba. Buba, maganata ce ta ranar allo, kusan kalma da kalma. Da ka ga amsar da na rubuta masa, da ka yi dariya har ka riƙe ciki. Duk hujjojinka na kawo, har da labarin kakanka. Ban san na haddace su ba.

Sai wata mai suna Hadiza ta shigo, ma'aikaciyar wani kamfanin sufuri a Gaya, nan tsallaken kogi. Ba ta ba da magani ba, tambaya ta yi. Ta ce wacce nake nema a cikin biyun, saniyar wa ce ko kuwa ina take kwana, tunda allura inda saniya ke kwana take zuwa. Nan take na ga saƙon wayar ma da na shirya ga masu shanun zai tafi, ba ga waɗanda shanun ke hannunsu ba. Da mutum zai samu saƙo a Tumbutu alhali saniyarsa tana kiwo a Madekali, ba wanda ya ce a kawo ta.

Na gyara tambayar ta ɗauki mai riƙo kawai, wanda riƙonsa bai ƙare ba. Sai lissafi ya faɗi ƙasa warwas. Ashe kai ba ka rubuta layin riƙo sai in an ba da saniya habbanaye. Wadda ke hannun mai ita ba ta da shi, don haka duk suka ɓace. Ni da Hadiza muka yi ta aika wa juna gwaji har muka tsaya a kan hanya guda: in saniya tana da riƙo a buɗe a ɗauki wannan, in babu a koma ga mai ita. Muka ajiye wannan ƙa'ida wuri ɗaya, duk wani lissafi ya riƙa bi ta nan. Jimla ta haɗu da jimla.

Ta ƙara da cewa in sa wa teburin takunkumi, kada saniya ɗaya ta samu masu riƙo biyu a lokaci guda. Da na zo sawa, baz ɗin ya ƙi. Akwai 'yan shanu da suke da riƙo biyu a buɗe, sakataren ƙungiya ya shigar da sabo bai rufe tsoho ba. Wannan kam ba kod ke gyara shi ba, sai an tambayi mutane. Wasu na same su a waya. Guda ɗaya ta rage, jar karsanar nan taka da ka ba da habbanaye, kuma ka san Baffa ba ya riƙe waya.

Na hau kabu-kabu da safe na tafi Madekali. Na tarar da shi ƙarƙashin bishiya yana tufka igiya. Bai tambaye ni abin da ya hana ni zuwa ba. Ya sa aka kawo mini fura, ya tambayi mahaifina da kasuwa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce karsanar ta dawo daga wurin wanda ka ba tun kafin ka kwanta. Bayan an share makoki, shi da Inna suka ba da ita ga wani maƙwabci da ciwo ya cinye masa garke. Ya ce sun yi tunanin barinta a gida su riƙa kallonta, amma suka ga ba abin da hakan zai ƙara maka. Kalmominsa ba su fita raina ba: "Abin mamaci in an ɗaure shi ga turke, ladarsa ta tsaya."

Ya tambaye ni ko aikin da kake yi a cikin na'ura yana amfanin mutane. Na ce yana yi. Ya ce to madalla, ya ci gaba da tufkarsa. Na zauna har azahar, muka yi salla tare. Da zan tafi Inna ta ɗauro mini man shanu a ƙwarya, irin wanda take ba ka ka kawo biro.

An yi rigakafi lafiya. Magani ya kai ko'ina, saƙo ya je ga masu riƙo. Malam Isufu bai ma san abin da ya kusa faruwa ba sai da na ba shi labari.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na gaya wa ƙungiya na yarda a ɗauki mutum na biyu, kuma na ba da sunan Hadiza. Ranar kasuwa ta ƙetaro a jirgin ruwa ta zo biro. Na ba ta mabuɗin shiga baz ɗin gaba ɗaya. Ta zauna a kujerarka, domin babu wata.

Ba ta yi awa guda ba ta ce teburinka yana da gyara. A ganinta kowace saniya ta samu layin riƙo, ko da a hannun mai ita take, don kada wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa. Na ce ba za a taɓa shi ba. Ta ce in kawo hujja. Na kawo, ta rushe. Na sake kawowa, ta karɓi rabi ta mayar mini da rabi. Har la'asar muna abu ɗaya, mai kanti ya leƙo ya ga ko lafiya.

Ita ke da gaskiya, Buba. Na canza teburinka. Na san da kana nan da ka ja da ita fiye da yadda na ja, kuma na san da daga ƙarshe ka ce a yi yadda ta ce. Da na rufe biro na taka zuwa gida, sai na ji ina gaida mutane da fara'ar da na daɗe ban yi ba.

Zan koma wurin su Baffa ranar Juma'a, ba da wata tambaya ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka. Duk dabbar da ta tsira ta dalilin aikin hannunka, da duk yaron da ya sha nonon jar karsanarka, Allah Ya kai ladar gare ka. Ya ba Baffa da Inna haƙuri da tsawon rai mai albarka. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu a inda babu rabuwa.

Naka har kullum,
Lawali,
daga Malanville.