Ki Bar Su Su Cire, Raliya

Ya Raliya, sanyin tulun gidana, inuwar gawo a tsakiyar rani, farar audugar da ba ta taɓa hawa ma'auni ba!

Ina sanar da ke, da Yaya Dije mai jinyarki, da hukumomin Habasha idan abin ya shafe su, cewa jiya na toya kisra, siririyar wainar dawar nan, da hannuna. Ta fito baƙa, da kaurin tafin takalmi. Akuyarki ta shinshina ta kau da kai. Ni na cinye, don tsare mutunci.

Tun da aikin hawasha, gonar audugar da hukuma ta yanka mini, ya dawo da ni garinmu Abu Na'ama na bar ki can, kullum sai na gangara bakin kogi. Littattafai sun ce daga duwatsun Habasha yake saukowa, don haka nake tambayarsa labarinki. Sai ya wuce abinsa garin Makwar, kamar ma'aikacin gwamnati.

Kin tuna shigarmu asibitin matan nan na Addis Ababa? Ni a gaba, da rawani, da ƙamus a hammata. Ke a baya kina dafa bango, jinin da ya ƙi tsayawa ya mai da ke kamar karan dawa. Tun daga gida nake cika baki cewa ni ne harshenki. Turancina kuwa na ofishin ruwa ne: ya iya buɗe tur'ar da ke kai ruwa gonaki, ya iya auna taki, ya iya ba mufattish mai duba gonaki haƙuri. Ashe ita likitar Turancinta bai wuce gaisuwa ba. Tana Italiyanci, masu jinya suna harshen ƙasarsu, Larabcinmu ya tsaya a ƙofa tare da takalmanmu. Ko da ta iya ma, wane Bahaushe ne zai buɗe baki gaban matarsa da yayarta ya ambaci abin da zane ke rufewa? Na yi ta nuna cikina ina murmushi, har ta soma duban tumbina da tausayi.

Sai kika kama hannunta kika ɗora a mararki. Ta danna, ta duba farin idonki, ta daɗe ba ta ɗaga hannun ba. Sannan ta dunƙule shi ta nuna girman ƙarin, ta yi alamar cirewa, har da mahaifar da yake zaune a ciki.

Yanzu saƙon Yaya Dije ya iso: wai kin ƙi yarda a yi aikin, wai ba za ki dawo mini fanko ba. Fanko! Wa ya koya miki wannan magana, hasken idona? Mahaifa na aura? Mahaifa ce ta shiga ruwa har gwiwa ta toshe mini kuyya shekarar da zazzaɓi ya kayar da ni? Mahaifa ce take dariya idan na karanta wa kaji jarida?

Nan gari kowa ya zama likita. Baffa Maliki ya ce a dawo da ke a yi hayaƙi. Matan bakin tur'a suna tambayar wa zai gaji hawashata. Su tambaya! Tsuntsaye su gaje ta! Duk shekarun da muka yi ba ɗa, wa ya taɓa jin na kai ƙara? Na faɗa musu a ƙofar masallaci, kuma zan maimaita ranar Juma'a: matar da na kai Habasha ita nake so a dawo mini da ita, tana numfashi. Sauran kayan su riƙe.

Ki taimake ni, ruwan farkon damina. Ki kira likitar, ki dube ta, ki gyaɗa kai. Wannan ba ya buƙatar tafinta. Da an tsinke audugar ƙarshe zan taso, ba ƙamus, in zauna a bakin ƙofa in yi shiru.

Naki ne ni, da ɗa ko ba ɗa, har ranar da za a juya fuskata gabas.

Ladan

Saura guda. A matakalar asibiti na ce miki likitar ba ta gane ciwonki ba, mu koma gida. Ta gane sarai, ke ma kin gane. Tsoron wuƙar na ji, ba na rashin ɗa ba. Idan maganata ce ta hana ki, ki zubar da ita. Na yi kuskure.